Canjin tairod a motar jif ta iyali: inda kuɗin yake tafiya da yadda ake aikin

Tairod ba ya cikin kayan mota masu tsada. Ɗan ƙarfe ne da ke kai motsin sitiyari zuwa tayar gaba, mai ƙwallo a ka, an lulluɓe ƙwallon da roba mai giris a ciki. Amma sau da yawa mai mota yakan shiga gareji da lissafin kuɗin wannan ƙarfe kaɗai, ya fito ya biya abin da ya ninka tunaninsa, ya tafi yana jin an cuce shi. Wani lokaci an cuce shi ɗin. Mafi yawan lokuta kuwa lissafin ne bai cika ba tun daga gida, domin a wannan aiki kayan su ne ƙaramin kaso. Sauran kuɗin yana wurin aikin hannu, da saitin ƙafa wanda ake ce wa alaimen, da kuma tayoyin da za su cinye in an tsallake saitin. Wanda ya san waɗannan kafin a ɗaga motarsa, shi ne yake biya sau ɗaya.

Wane tairod ake nufi

Yawancin jif ɗin da iyali ke hawa a yau, irin su RAV4 da CR-V da Highlander da Santa Fe da Sorento, sitiyarinsu mai rak ne. Rak doguwar sanda ce mai haƙora, kwance a ƙasan inji, tana zamewa hagu da dama idan ka juya sitiyari. Daga kowane bakinta akwai ƙarafa biyu da ke kai wannan motsi zuwa taya. Na farko shi ne tairod na ciki, wanda makanikai da yawa ke kira rak-en. An ɗaure shi a bakin rak, kuma gaɓarsa tana ɓoye a cikin doguwar roba mai lanƙwashe-lanƙwashe. Na biyu shi ne tairod na waje, wanda ake murɗawa a kan tiredin na cikin, wato zaren da noti ke hawa, kansa kuma ya shiga kunnen ƙarfen da ke riƙe da taya. Tsakaninsu akwai noti ɗaya da ke kulle su wuri guda. Ke nan mota ɗaya tana da guda huɗu: biyu a hagu, biyu a dama.

Saboda haka idan an ce maka "tairod ɗinka ya tafi", maganar ba ta cika ba. Wanne? Na ciki ko na waje? Wane gefe? Amsar ita ce ke raba aikin minti 40 da aikin rabin yini.

Akwai manyan jif masu wani tsari dabam, kamar Jeep Wrangler da Land Cruiser samfurin 80, waɗanda ke da akwatin sitiyari maimakon rak, da doguwar sanda da ke haɗa tayoyin gaba biyu. Gaɓoɓinsu sun fi girma kuma yadda ake ƙirga su dabam ne. Gwajin da ke ƙasa yana yi musu aiki, amma matakan kwancewa na masu rak ne.

Ka tabbatar kafin ka sayi komai

Alamomin sanannu ne. Sitiyari yana wasa a tsakiya, ka juya shi kaɗan motar ba ta amsa ba. Ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasa idan an bi hanya mai gargada ko an juya sitiyari a tsaye. Motar tana yawo a titi, sai ka dinga gyara mata hanya. Tayar gaba tana cin gefe ɗaya, kuma in ka shafa tafin hannu a kanta za ka ji santsi ta wani ɓangare, kaifi ta ɗaya ɓangaren. Matsalar ita ce babu ɗaya daga cikin waɗannan da tairod kaɗai ke haddasawa. Boljoyin (gaɓar da ƙarfen da ke riƙe da taya ke juyawa a kanta) da ya mutu, bushin (robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafa) da ya yage, boris ɗin da taya ke juyawa a kansa, har rak ɗin kansa, duk suna iya yin irin wannan kuka. Wanda ya sayi kaya bisa ƙara kawai, caca ya yi.

Gwajin bai fi minti 10 ba. Da farko motar tana ƙasa a wuri mai lebur, an ja birkin hannu. Mutum ɗaya ya zauna ya dinga kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, da sauri, ɗayan ya durƙusa da tocila yana kallon tairod na waje. Lafiyayyen tairod yana tafiya tare da kunnen ƙarfen kamar abu ɗaya ne. Wanda ya mutu za ka ga jikinsa ya fara motsi kafin kunnen ya bi shi, ko kansa yana ɗan tsalle sama da ƙasa. Ɗora yatsu a kan gaɓar, sau da yawa hannu yana jin abin da ido bai gani ba.

Sai a ɗaga gaban motar, a tokare ta da matokaran ƙarfe. Kama tayar da hannu biyu, ɗaya a gefen gaba ɗaya a gefen baya, ka girgiza ta ciki da waje. Idan akwai wasa a nan, zargi yana kan tairod ko rak. Sake kamawa ta sama da ƙasa. Idan wasan a nan yake, ka fi karkata ga boljoyin ko boris. Na ciki kuma ba a ganinsa, sai dai a taɓa: matse doguwar robar da yatsu har ka ji gaɓar da ke ciki, wani ya girgiza tayar. In ka ji sandar tana shiga tana fita a mazauninta, ya gama aiki. In kuma gaɓar a matse take amma dukan sandar rak ce ke motsi sama da ƙasa, to ciwon na rak ne, kuma sabon tairod ba zai warkar da shi ba.

Tun kana wurin, duba robobin. Robar tairod na waje da ta tsage tana nufin giris ya fita, ruwa da yashi sun shiga. Ko bai fara wasa ba, kwanansa ya kusa. Doguwar robar rak kuwa, a motar da sitiyarinta ke amfani da mai, bai kamata a sami mai a cikinta ba. In ka matsa ta ka ji ta cika, ko ka ga man sitiyari yana ɗiga daga bakinta, sil ɗin rak, wato zoben robar da ke tare mai, shi ne ya saki. Wannan magana ce ta daban mai kuɗi na daban, kuma gara ka sani yanzu da ka sani bayan ka biya kuɗin tairod da alaimen.

Tairod da ya riga ya fara wasa ba abin jira ba ne. Ƙwallon yana iya fita daga mazauninsa, kuma daga wannan lokaci tayar ba ta da alaƙa da sitiyari, inda ta ga dama za ta nufa. A motar da ke ɗauke da yara, ba a cewa sai ƙarshen wata.

Abin da ke haɗa kuɗin

Lissafin yana da ƙafa huɗu, kuma ya kamata kowace ta fito daban a takardar da gareji zai ba ka.

Kayan su ne na farko: tairod ɗin kansa, da ƙananan abubuwan da ake mantawa. Sabon fin na kulle noti ko sabon noti mai kulle kansa, kilif ɗin doguwar roba, wasar kulle (ɗan zoben ƙarfe mai faɗi) ta tairod na ciki, wani lokaci da robar kanta. Ƙananan abubuwa ne, amma rashinsu ne ke sa a ɗaure robar rak da waya.

Na biyu aikin hannu. Ko garejin yana caji da awa ko da aiki, lokacin da aikin ke ci shi ne ma'auni. Tairod na waje, in babu tsatsa, yana ɗaukar tsakanin rabin awa zuwa awa ɗaya a kowane gefe. Na ciki yana kai awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya danganta da yadda hannu ke isa bakin rak. Ga wurin da ya kamata ka buɗe ido: ba a iya cire na ciki sai an fara cire na waje. Don haka in ana canja na ciki, ɗora sabon na waje ba ya ƙara ko minti biyar. Idan takarda ta nuna cikakken kuɗin aiki na na ciki, sannan ga wani cikakken kuɗin aiki na na waje a gefe ɗaya, an ƙirga aiki ɗaya sau biyu. Ka yi magana.

Na uku alaimen. Yana cin kusan awa ɗaya, kuma sau da yawa kuɗinsa yana kai na tairod na waje ko ya wuce shi. Wasu gareji suna haɗa shi cikin farashin, wasu ba su da injinsa sai su tura ka wani wuri. Shi ya sa idan kana kwatanta farashin wurare biyu, tambayar farko ita ce ko alaimen yana ciki. Mai araha sau da yawa ya cire shi ne kawai.

Na huɗu shi ne abin da zamani ya kawo. Motocin da ke da na'urar hana sulɓi suna da sensa da ke karanta inda sitiyari ya karkata. A wasu motocin, bayan alaimen sai an haɗa kwamfutar gwaji an nuna wa sensar inda tsakiya take, in ba haka ba fitilar gargaɗi ta kama. Sababbin jif masu kyamarar da ke riƙe mota a layinta kuwa, wasu kamfanoni suna buƙatar a sake saita kyamarar. Ba kowace mota ba ce, amma ka tambaya tun kafin a fara, domin a inda ake buƙatarsa yana iya fin kuɗin kayan gaba ɗaya.

Ɗaya za a canja ko biyu

Babu dokar da ta ce sai an canja hagu da dama tare. Idan ɗaya ya mutu saboda an bugi dakali ko an faɗa rami, ɗayan kuma a matse yake da lafiyayyar roba, canja wanda ya mutu kawai ya wadatar, kuma wanda ya ce maka dole ne biyu kasuwarsa yake ci.

Amma in tsufa ne ya kashe shi, lissafin ya canja. Tairod ba shi da ƙayyadadden wa'adi. Da yawa suna wuce kilomita 100,000, wasu ba sa kaiwa idan hanya ba ta da kyau ko an sa wa motar tayoyin da suka fi nata girma. Abin da ke tabbas shi ne na hagu da na dama hanya ɗaya suka bi, shekaru ɗaya suka yi. In ka canja ɗaya yau, ɗayan ya biyo baya bayan wata biyar, za ka sake biyan ɗaga mota, ka sake biyan alaimen. Kuɗin alaimen na biyun kaɗai da ya saya maka ɗaya tairod ɗin. Haka ma idan gwaji ya nuna boljoyin ko bushin sun kusa, a yi su rana ɗaya, a rufe da alaimen ɗaya. Tsarin shi ne duk abin da za a kwance a ƙafar gaba a gama kwance shi kafin motar ta hau injin saiti.

Sayen kaya

Ka je da lambar shasi, wato haruffa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba ko jikin ƙofar direba. Sunan mota da shekara ba sa isa, domin samfuri ɗaya yana iya zuwa da rak iri biyu, mai mai da mai lantarki, kuma tiredinsu ba lallai ya zo ɗaya ba. A motoci da yawa na hagu da na dama ba sa musanya, saboda lanƙwasar jikinsu ta bambanta. In an sa su a juye suna iya gogar rim idan an karya sitiyari har ƙarshe.

Kayan suna hawa uku. Akwai na kamfanin motar, shi ya fi tsada. Akwai na sanannun masu ƙera kayan ƙafa, irin su TRW da Lemförder da Moog da CTR da 555, kuma ga motar iyali wannan hawa ya wadatar, matuƙar na gaske ne. Sai marar suna mai arahar da ba ta da dalili. Araha ba ta ado, a nan kuma ba ta ma kai shekara, domin wurin da ake rage kuɗi shi ne roba da giris, su ne kuma ran gaɓar. Riƙe sabon a hannu ka gwada lanƙwasa kansa da babban yatsa. Mai kyau yana da tauri, sai ka sa ƙarfi. Wanda ke lilo tun a kwali, ka mayar. Tairod na hannu kuwa, wanda aka ciro daga wata motar, ba ka san ramukan da ya faɗa ba, kuma kuɗin aiki da alaimen ɗaya ne da na sabo. Babu riba a ciki.

Kafin a kwance komai, a jera sabo kusa da tsoho: tsawo, lanƙwasa, kaurin wuyan da ke shiga kunne, da tiredi.

Canja na waje

Tun daren da ya gabaci aikin, in da hali, a fesa man cin tsatsa a kan notin kulle da tiredin da ke bayansa, a goge da burushin waya. Wannan ɗan aikin yana iya rage awa guda.

A tsayar da sitiyari a tsakiya, a sassauta notocin taya tun motar tana ƙasa, a ɗaga ta, a tokare. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kansa shi kaɗai. A cire taya.

Abu na farko da ake sassautawa shi ne notin kulle, tun kan tairod yana cikin kunnensa, domin a lokacin ne yake da abin da ke riƙe shi. Sifana ɗaya a jikin tairod, ɗaya a noti. Kwata ɗin zagaye ya isa. Kada a kai notin baya da nisa, shi ne shaidar inda tsohon ya tsaya. A sa alamar fenti a tiredi, sannan a auna da tef daga tsakiyar kan tairod zuwa wani tabbataccen wuri a sandar ciki, a rubuta.

Sai notin da ke riƙe da wuyan tairod a cikin kunne. In mai fin ne, a miƙe fin ɗin a zare shi da filaya, a yar. A sassauta notin har ya zo daidai da bakin wuyan, a bar shi a nan don ya kare tiredi. Wuyan tairod siriri ne a ka, mai kauri a gindi, ramin kunnen ma haka, shi ya sa yake kamewa ko noti ya fita. Hanya mafi tsafta ita ce ɗan abin matse joyin mai kusa, a ɗaura shi a dinga matsewa har a ji ya yi ƙara ya saki. Masu guduma suna dukan gefen kunnen, girgizar ta sake shi, kuma yana aiki a kunnen baƙin ƙarfe. In kunnen na alminiyam ne, kamar yadda yake a sababbin motoci da yawa, a ajiye guduma, domin tsagewarsa ta fi kuɗin duk aikin. Dukan kan wuyan kai tsaye yana baje shi ne ya ƙara kamewa. Ƙarfen nan mai baki biyu da ake cusawa kuwa yana yaga roba, sai a kan tairod ɗin da za a yar.

A murɗe tsohon ana ƙirga zagaye, har da rabi. A shafa ɗan giris a tiredi, a murɗa sabon daidai wannan adadi, sannan a koma ga awon da aka rubuta. Awon ya fi ƙirga gaskiya, domin sabon yana iya fin tsohon tsawo da milimita kaɗan ko da na motar ne.

A goge ramin kunne da wuyan su bushe, kada giris ya taɓa su, domin kamewar nan ita ake so. A sa wuyan, a ɗaure noti da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya ce. A irin waɗannan motoci adadin yakan faɗa tsakanin 35 da 70 Nm, ba ɗaurin ƙarfi ba ne. In notin mai tsaga ne kuma ramin fin bai zo daidai ba, a ƙara ɗaurewa kaɗan har ya zo, ba a sassautawa baya. Sabon fin, a lanƙwasa ƙafafunsa. In wuyan yana juyawa tare da noti, duba kansa, sau da yawa akwai ramin alanki, wato ɗan makullin nan mai kusurwa shida, na riƙe shi. In babu, a ɗan tokare gindin tairod da jak ya matse cikin ramin. Daga ƙarshe a ɗaure notin kulle.

Canja na ciki

Bayan na waje ya fita, a auna inda notin kulle yake a cire shi. A cire ƙaramin kilif na bakin roba, a yanke babban da ke jikin rak, domin yawanci sau ɗaya ake amfani da shi. A zare robar. A juya sitiyari yadda bakin rak na wannan gefe zai fito waje. Yanzu ne za a ga gaskiyar rak ɗin: sandar ya kamata ta kasance mai sheƙi da ɗan giris. Tsatsa ko ruwa ko mai suna nufin a tsaya a yi shawara da mai mota kafin a ci gaba.

Wasu motocin suna da wasar da aka lanƙwasa bakinta a kan gaɓar, sai an miƙe ta. Wasu gam ɗin tiredi ne ya riƙe su. Akwai dogon bututu na musamman da ake zurawa ta kan sandar ya kama gaɓar, shi ne ya dace. Babban kuskure a nan shi ne murɗawa da ƙarfi ba tare da an riƙe sandar rak ba. Ƙarfin yana tafiya kan haƙoran rak da ɗan giyar da ke juya shi, kuma sitiyarin da ya shigo lafiya sai ya fita da tauri ko ƙara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Inda sandar ke da wurin sifana, a riƙe. Kada a kama wurin da ke sheƙi da abu mai haƙora, domin nan ne ke shiga cikin sil ko bushin.

Sabon ya shiga da sabuwar wasa, ko ɗigon gam ɗin tiredi in haka littafin ya ce, a ɗaure da awo, a lanƙwasa wasar. Robar in ta yi tauri ko ta fara tsattsagewa a lunguna, a canja ta yanzu, domin canja ta gobe yana nufin sake cire na waje da sake alaimen. A shafa ɗan giris a ƙaramin bakinta don sandar ta iya juyawa ciki lokacin saiti, a sa kilif na gaske a babban bakin. Robar da aka ɗaure sakaka tana shigar da ruwa, kuma a sitiyarin lantarki ruwa a cikin rak hanya ce ta sayen sabon rak.

Dalilin da ya sa alaimen ba zaɓi ba ne

Wannan shi ne wurin da aka fi yaudarar kai. Makanike ya ƙirga zagaye, motar ta tafi miƙe, sai a ce ai ba sai an je ba. Ga lissafin. Tiredin tairod da yawa yana tafiya milimita 1.5 a kowane zagaye. Kunnen da yake ja gajere ne, bai fi santimita 15 ba, don haka zagaye ɗaya na kuskure yana karkatar da taya fiye da rabin digiri. Abin da kamfanoni ke yarda da shi kuwa yawanci ɗan ɓangaren digiri ne, ƙasa da haka sosai. Tayar da ta karkace da rabin digiri daga hanyar da motar ke bi, ana jan ta a kaikaice kusan mita 9 a kowace kilomita. Ido ba ya ganin rabin digiri, kuma motar tana iya tafiya miƙe sumul, domin tayoyin biyu suna raba kuskuren tsakaninsu. Sai bayan 'yan dubban kilomita ka ga gefen taya ya zama sulɓi. Tayar jif guda ɗaya ta fi kuɗin alaimen, kuma biyu ne za su tafi. Ƙirga da awo amfaninsu ɗaya ne: su kai ka wurin saiti lafiya, a ranar ko washegari.

Kafin a hau inji, a daidaita iskar tayoyi huɗu bisa takardar da ke jikin ƙofa, a sauke kaya masu nauyi. Jif mai ƙafar baya da ake iya saitawa, a auna ƙafa huɗu, domin gaba tana bin layin da baya ta shata. A kulle sitiyari a tsakiya, a saita kowane gefe daban. Mai gaggawa yakan murɗa gefe ɗaya kawai har jimillar awon tayoyin biyu ta yi daidai, sai ka fito da sitiyari a karkace. Ka nemi takardar da ke nuna awon kafin saiti da bayansa.

Abin da ke ƙara kuɗi ba zato

Tsatsa ce kan gaba. Idan na waje ya kame a kan na ciki har ya ƙi murɗuwa, wani lokaci sai an sa wuta, wuta kuma tana cin roba da giris ɗin da ke kusa. In ta ƙi, yanke sandar ake yi, ka ga aikin na waje ya koma na biyun. Ramin kunne da ya buɗe saboda an daɗe ana tafiya da sakakken noti shi ma yana faruwa: sabon wuya zai nutse har noti ya ƙare tiredi bai kama ba. Ƙara wasar ƙarfe a ƙarƙashin noti ba gyara ba ne, kunnen ne za a canja. Sandar ciki da ta lanƙwashe bayan bugu kuma ba a miƙe ta da guduma, canja ta ake yi. Saboda irin waɗannan, ka yi sharaɗi da gareji tun farko cewa duk abin da zai wuce takardar a kira ka kafin a taɓa, kuma a ajiye maka tsofaffin kayan. Tsohon tairod a hannu yana faɗin gaskiya: in da gaske ya mutu, kansa zai dinga lilo da ɗan taɓi.

Kafin ka bar wurin, karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama ka saurara ko wani abu yana goga. Leƙa bayan taya ka ga fin a wurinsa, notin kulle a manne da jikin tairod, doguwar robar kuma ba ta murɗe kamar wanki ba. In ta murɗe, a saki ƙaramin kilif a warware ta nan take, domin a haka take yagewa. Tuƙa a miƙaƙƙen titi ka ga sitiyari ya zauna a tsakiya, babu fitilar da ta kama a dashbod, kuma yana dawowa da kansa bayan kwana. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake gwada notocin taya, a shafa hannu a gefen tayoyin gaba a ji ko kaifin nan ya fara dawowa.